Zare: yadda muka biya kuɗin mota sau biyu a lodi ɗaya

1/
Kaka ta zo, motoci sun fara ɗibar masara daga yankinmu zuwa kudu. Akwai abin da ya same mu a kakar bara da na daɗe ina jin kunyar faɗa, saboda ta hannuna aka shigo. Yau zan faɗa. Idan gidanku ana harkar hatsi, ko akwai direban babbar mota, ku daure ku karanta har ƙarshe.

2/
Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Funtua. Yana tara masara da dawa da waken suya daga Dandume, Bakori, Kafur da Malumfashi, in ta cika mota ya tura kudu. Da yawan masarar yankinmu tana ƙarewa ne wajen masu haɗa abincin kaji a Ibadan da Legas. Ni kuma duk hutun makaranta ni ne mai riƙe littafi da waya. Ɗan boko yake kirana.

3/
Yadda ya saba samun mota: ya je garejin manyan motoci, ya ga ɗan kamasho da ya sani shekara da shekaru. Ɗan kamasho ya haɗa shi da direba, a yi ciniki kowa na ji, a ba direba kuɗin gas, a ba ɗan kamasho la'adarsa, ragowar a biya in an sauke. Yana cin lokaci, wani zubin a kwana biyu ana neman mota. Amma kowa ya san gidan kowa.

4/
A wannan karon buhu 300 ne za su tafi Ibadan. A gareji aka ce mana Naira 1,500,000. Kawu ya dawo yana ƙorafi, gas ya yi tsada, riba duk ta tafi a hanya. Sai ni na ce, "Kawu, akwai wani guruf na WhatsApp da ake haɗa masu kaya da masu motoci, bari in gwada." Ya kalle ni ya ce, "To ɗan boko, gwada mu gani."

5/
Ban fi minti ashirin da saka saƙo ba wani ya kira. Muryar babban mutum, Hausa tsaf, ga sallama ga addu'a. Ya ce yana da tireloli, ɗaya ta kawo siminti Zariya za ta koma kudu fanko, don haka zai yi mana sauƙi: 1,350,000. Ya turo hoton mota, hoton takardu, har da wani katin shaida. Zan riƙa kiransa Alhajin waya, don ban taɓa ganin fuskarsa ba.

6/
Sharaɗinsa: a tura miliyan ɗaya da zarar mota ta iso, ragowar 350,000 a ba direba in an sauke. Na ga ai babu haɗari, tunda sai mun ga mota za mu biya. Sai ya ƙara da wata magana da ban ɗauke ta komai ba a lokacin: "Kada ku yi maganar kuɗi da direban. Yarona ne, in ya ji farashi sai ya fara raina albashinsa."

7/
Washegari da hantsi sai ga DAF ta shigo, lamba ta yi daidai da ta hoto. Direba dattijo mai natsuwa, da yaron motarsa. Muka gaisa, na sayo musu shayi da burodi. 'Yan dako suka yi lodi, aka ja tamfol aka ɗaure. Na tura miliyan ɗaya. Sunan da ya fito a asusun ba na Alhajin waya ba ne, ya ce na akawunsa ne. Na danna.

8/
Awa kusan biyar muna tare da direban nan. Mun yi hirar hanya, ramuka, gadar Jebba, masu karɓar haraji a kowace jiha, har ƙwallo mun taɓa. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba: nawa aka yi da kai? Tambaya mai kalma biyar. Da na yi ta, da wannan zaren bai wanzu ba.

9/
Kwana uku mota ta isa Ibadan. Da la'asar wanda ke karɓar wa Kawu kaya a can ya kira: direba ya ce ba a taɓa tamfol sai an cika masa 1,200,000. Na yi dariya, na ce kuskure ne, 350,000 ne. Na kira Alhajin waya. A kashe. Na sake kira. A kashe. Na duba WhatsApp, hotonsa ya ɓace. A nan cikina ya ɗuri ruwa.

10/
Kawu ya karɓi wayar ya kira direban da kansa.
"Malam, wace irin magana ce wannan? Na biya maigidanka miliyan ɗaya."
"Alhaji, wane maigidana? Maigidana yana Gusau, bai ga sisi ba. Ai mutumin nan ƙaninka ne, shi ya ce masarar tasa ce, ku masu tsaron sito ne."
Kawu ya yi shiru. Sai ya ce, "Innalillahi."

11/
Ga abin da mutumin ya yi. A wajenmu ya zama mai mota. A wajen direba ya zama mai kaya. Ba shi da mota, ba shi da ko tiya ɗaya ta masara. Ya samu lambar direban a wani guruf, ya ce a turo masa hoton mota da takardu "don ya tabbatar", sai ya juyo da hotunan ya turo mana a matsayin nasa.

12/
Lissafin: ya yi wa direba alkawarin 1,600,000, sama da farashin gareji, don ya yi saurin amsawa. Ya tura masa 400,000 na gas daga cikin miliyan ɗayanmu. Ya ce ragowar 1,200,000 za a ba shi a Ibadan. Shi kuma ya soke 600,000 a aljihu ya kashe layi. Mu ya yi mana araha, direba ya yi masa tsada, don ba shi da niyyar cika ko ɗaya.

13/
Shi ma direban an ja masa kunne, kamar yadda aka ja mana: "Kada ka yi maganar kuɗi da yaran sito, ba su san cinikin ba." Duk damfarar a kan wannan shirun aka gina ta. Hotuna da muryar dattaku ado ne kawai. Aikin gaske shi ne ya tabbatar mai kaya da mai mota sun haɗu ba su yi maganar kuɗi ba.

14/
Da farko a raina direban na zarga, na ce bakinsu ɗaya. Har na faɗa masa magana marar daɗi a waya. Ya ce, "Ƙanina, da ni ɓarawo ne, me zai sa in kawo masarar nan har ƙofar mai saye? Na ci bashin gas a Mokwa. Maigidana yana zargin na cinye masa kuɗi." Na rasa amsa. Daga baya na kira na ba shi haƙuri.

15/
Mota ta yi kwana uku a tsaye da kaya. Mai saye yana cewa zai fasa. Ƙarshe dattawan 'yan kasuwarmu na Bodija suka shiga tsakani, aka haɗa Kawu da mai motar na gaskiya a waya. Aka mayar da ciniki kan farashin gareji, mai mota ya yafe 200,000, Kawu ya biya 900,000. Aka sauke.

16/
Ku tara: 1,000,000 da 900,000. Kawu ya kashe 1,900,000 a tafiyar da gareji suka ce 1,500,000. Mai mota ya tashi da 1,300,000, ga kwanakin da motarsa ta yi a banza. Wanda bai ɗaga buhu ba, bai tuƙa ko kilomita ɗaya ba, ya tafi da 600,000. Ni da na so in rage wa Kawu 150,000, na jawo masa ƙarin 400,000. Araha ba ta ado.

17/
Kuma dattawan suka ce mu gode wa Allah, namu mai sauƙi ne. Akwai wanda motar da za ta zo ma ta ɓarayin ce, da lambar bogi. A yi lodi, a yi sallama, kaya su sauka a wata kasuwa daban. Mu kuɗin mota muka yi asara. Wani tirela guda ta hatsi yake rasawa, jarin shekaru, wani lokaci ma kuɗin mutane ne.

18/
Da na koma makaranta na yi ta karance-karance a kai, sai na ga har a Amurka suna fama da ita. A can dillalin kaya sai ya yi rajista da hukumar FMCSA, kuma tun 2013 doka ta wajabta masa ajiye jinginar dala 75,000 saboda irin wannan rana. Duk da haka 'yan damfara suna satar sunan kamfanin mota mai rajista, su karɓi lodi, su miƙa wa wani direba, su karɓe kuɗin su ɓace.

19/
Abin da na ɗauka daga nan: idan ƙasar da ke da rajista da jingina ba ta tsira ba, mu da ciniki na miliyoyi ke ƙarewa a saƙon murya fa? Kuma harkar sai girma take. Funtua mahaɗa ce, hanyar Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Katsina, ta Birnin Gwari. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri. Baƙin motoci da baƙin dillalai za su ƙaru ne, ba raguwa ba.

20/
Kada wani ya fahimce ni a karkace. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma 'yan kamasho na gaskiya suna sauƙaƙa wa kowa. Har ma ɗan kamasho ya kan ce, "Ba ni da mota yau, amma abokina yana da ita." Wannan babu laifi, matuƙar ka sani, ka yarda, an faɗi la'ada a fili. Inda ta ɓaci shi ne a ɓoye maka wane ne wane, a miƙa kayanka ga wanda ba ka sani ba.

21/
Alamomin da suka wuce ta gabana ban gani ba:
• farashi ƙasa da na gareji ba tare da dogon ciniki ba
• ba ya zuwa da kansa, kullum yana "kan hanya"
• asusun da za a biya sunan wani ne daban
• kafin alƙalami mai yawa, fiye da kuɗin gas
• gaggawa, wai wani na jiran motar
• babbar cikinsu: kada ka yi maganar kuɗi da direba

22/
Yanzu ga yadda muke yi. Na ɗaya: kafin buhu ɗaya ya hau mota, a zauna da direba a tambaye shi, wa ya turo ka, motar wa ce, nawa aka yi da kai, nawa aka ba ka, wa zai cika maka? In amsarsa ta saɓa da abin da aka faɗa maka ko da Naira dubu goma ce, a tsayar da lodi. Babu rashin kunya a ciki. Direban kirki ma daɗi zai ji.

23/
Na biyu: lambar mai mota daga bakin direba za ka karɓa, ba daga dillali ba. Lambar da dillali ya ba ka tana iya zama ta abokinsa. Kira a gaban direba, a buɗe murya kowa ya ji. In da hali a yi kiran bidiyo. Ka tambaye shi garejin da motarsa take lodi, sannan ka nemi wani da ka sani a garin ya tabbatar maka.

24/
Na uku: takardu a hannu, ba a hoto ba. Hoto kowa yana iya turawa, ni shaida ne. Duba lasisin direba ka kalli fuskarsa. Duba takardun mota, ka gwada lambar da ke jiki da lambar shasi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shafin tantance lambar mota a intanet, minti biyu ne. In ya ce kamfani ne, nemi sunan a shafin CAC. Ɗauki hoton direba tsaye gaban motar.

25/
Na huɗu: kuɗi. Kafin ka danna tura, banki yana nuna maka sunan mai asusu. Karanta shi. Kuɗin mota ya tafi asusun mai mota ko na direba, wanda mai motar ya faɗa da bakinsa. La'adar ɗan kamasho daban, a hannunsa. Kada a haɗa su a dunƙule a ba ɗan tsakiya ya raba. Asusun akawu, na ƙani, na mai POS, duk a'a. Kafin alƙalami kada ya wuce na gas da hidimar hanya.

26/
Na biyar: a rubuta. Takardar kayanmu ta da, adadin buhu da inda za a kai kawai take ɗauke da shi. Yanzu muna saka jimillar kuɗin mota, abin da aka bayar, abin da ya rage, wanda zai biya, lambar mota, sunan mai karɓa. Da layi ɗaya: ba a juye kayan nan a wata mota sai da izinin mai kaya. Direba ya sa hannu, shaidu biyu. Kwafi uku, a tura wa mai karɓa hoto.

27/
Na shida: a bi ta gareji. Ko a intanet ka samo mota, ka ce a haɗu a gareji gaban shugabannin ƙungiya. Masu motocin haya suna da NARTO, direbobi suna da NURTW. Ba na ce babu matsala a can ba, amma akwai ofis, akwai wanda za ka riƙe gobe. Ɗan damfara ba ya son wurin da za a tambaye shi ɗan gidan wa ne. In ya fara kawo uzuri, ka samu amsarka.

28/
Na bakwai: idan direban baƙo ne, a haɗa shi da ɗan rakiya. Kuɗin abincinsa da na motar dawowa ba su kai buhu biyu ba. In babu, direba ya kunna wurin da yake a WhatsApp, a riƙa waya a manyan zango: an wuce Mokwa, an haye Jebba, an shiga Ilorin, Ogbomosho, Oyo. Waya ta mutu awa da yawa ba bayani, kada a jira gari ya waye.

29/
Direbobi da yaran mota, ku ma ana farautarku, musamman mai neman lodin komawa don kada ya tafi fanko. In ka iso wurin lodi, tambayi masu sito, kayan wa ne? Faɗi kuɗin da aka yi da kai da ƙarfi. Kira wanda zai karɓa ka ji ko ya san shi zai cika maka, kuma nawa. Ku daina tura hoton takardunku ga duk wanda ya kira. Da su ake cutar wani.

30/
In ta riga ta faru: kira bankinka nan take ka ce damfara ce, kada ka bari sai gobe, don irin kuɗin nan ba sa kwana a asusu. Kai rahoto wajen 'yan sanda, ka sanar da ƙungiya. Kada ka goge komai, saƙon murya, rasit, lambobi, hotuna. Ka sanar da masu kula da guruf ɗin. Mu sai bayan kwana uku muka farga, asusun ya riga ya zama fanko. Har yau ko Naira ba ta dawo ba.

31/
Kuma kada ku huce a kan juna. A ranar nan saura kaɗan a yi dambe tsakanin yaron mota da 'yan dakon mai saye, alhali duka ɓangarorin an cuce su ne. Wanda ya haɗa faɗan yana can yana canza layi. Direban nan da na zaga, shi ke ɗaukar wa Kawu kaya yanzu. Bana sau biyu ya yi mana Ibadan, kai tsaye, babu ɗan tsakiya.

32/
Abin da ya fi tsaya mini shi ne Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Da na ce zan riƙa biyansa a hankali, sai ya ce, "Kai dai riƙe karatunka. Amma ka sani, wayar nan taka tana kawo mota, ba ta kawo mutum. Mutum sai an zauna da shi." Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

33/
Mu matasa mu ne ke riƙe wa iyayenmu waya yanzu. Mu ke tura kuɗi, mu ke shiga guruf, mu ke cewa "ai akwai hanya mai sauƙi". Sun yarda da mu ne don suna ganin mun fi su sanin abin. To mu san shi da gaske. Ban ce a bar neman mota a intanet ba, har yanzu ina yi. Sai dai duk wanda na samo, sai ya bi ta matakan nan.

34/
In ba za ka tuna komai a zaren nan ba, riƙe wannan: kafin a ɗora buhun farko, kalli direba ka ce, "Nawa aka yi da kai?" Ku tura wa 'yan uwa masu harkar hatsi, tumatir, albasa ko dabbobi, duk salon ɗaya ne. Wanda irin haka ta taɓa samu ya faɗa mana a ƙasa yadda aka ɓullo masa, ba sai ya kama suna ba. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya kai direbobinmu gida lafiya.